Jinjirin da idonsa ke rawa: a fara tambayar idon tukuna

Ba kasafai ake ganin abin ranar haihuwa ba. An yi suna lafiya, an yi arba'in, mai jego ta koma ɗakinta. Sai wajen wata biyu zuwa huɗu, lokacin da ya kamata jinjiri ya fara kafa wa mahaifiyarsa ido yana mata murmushi, a lura idanunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Suna kai da komo tsakanin dama da hagu, wani sa'in a hankali da faɗi, wani sa'in da sauri ƙanana-ƙanana, sai an matso kusa a gane. Kaka ta ce ƙuruciya ce, zai daina. Maƙwabciya ta ce a nemi taimako, ko iska ce ta shafe shi. Ita kuwa uwar magana ɗaya take ta maimaitawa: "Ba ya kallona."

Likitocin ido suna kiran wannan rawar ido nistagmus. Wani bincike da aka yi a yankin Lesta na ƙasar Ingila, aka wallafa a 2009, ya ƙiyasta cewa mutum 14 cikin kowane 10,000 suna ɗauke da irin wadda ke farawa tun ana jinjiri. Rawar kanta alama ce, kuma cututtukan da ke iya ɓuya a bayanta sun bambanta nesa ba kusa ba. Akwai yaron da zai girma ya yi karatu da ɗan tabarau, ba abin da zai dame shi. Akwai wanda zai tashi da gani kaɗan ƙwarai. Akwai wanda idan ba a yi masa aiki cikin makonni ba, zai rasa ganin da da an ceto. Akwai kuma, ko da yake ba su da yawa, waɗanda ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan yaran, a watansu na uku, idanunsu suna iya yin rawa iri ɗaya.

Ba a haifar ido da iya tsayuwa. Koyo yake yi. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa, shi ne tantanin gani, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan gurbi wanda da shi ake ganin abu tar, da shi ake karatu da gane fuska. A makonnin farko na rayuwa wannan gurbin yake fara nuna, ya fara aika wa ƙwaƙwalwa hoto mai kyau, ita kuma ta yi amfani da hoton wajen koya wa tsokoki shida da ke juya kowane ido yadda za su riƙe shi cak. Idan hoton bai zo ba, ko ya zo a dusashe a idanu biyu, koyon ba ya kammala, sai ido ya riƙa zamewa yana dawowa. Shi ya sa rawar ba ta bayyana sai bayan 'yan makonni. Shi ya sa kuma jinjirin da makantarsa ta fito daga lalacewar sashen gani na bayan ƙwaƙwalwa, misali wanda ya sha wahala wajen haihuwa, yawanci idonsa ba ya wannan rawar. Rawar ta fi nuni da gaban hanyar gani, wato idon kansa da jijiyar da ta fita daga gare shi. Tun 1989 masana biyu a Amurka, Weiss da Biersdorf, suka bi yara 81 masu wannan rawar, suka tarar kusan tara cikin goma matsalarsu a nan take.

Abin da fitilar likita ke iya gani

Matakin farko ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Likitan ido zai haska fitila, ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, ya leƙa ciki. Abin da ya fi gaggawa a nan shi ne yanar ido da aka haifi yaro da ita. Idan ta toshe idanu biyu, so ake a cire ta kafin jinjiri ya wuce kimanin mako goma, domin idan rawar ta riga ta zauna, ko an yi aikin daga baya ganin ba ya cika dawowa yadda ake so. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba idon kowane jariri da fitila cikin mako shida na farko, a ga ko jan haske yana dawowa daga cikin idon. Gwaji ne na minti ɗaya, kuma a ganina babu ɗakin haihuwa ko wurin rigakafin da ya kamata a bar shi ba mai iya yin sa.

Fitilar tana kuma nuna zabiyanci. A ƙasar Hausa kowa ya san zabiya da rawar ido da gudun rana, kuma dalilin shi ne rashin launi yana hana ɗan gurbin nan na tsakiya kammala halitta. Abin da ba kowa ya sani ba, akwai zabiyancin da a ido kawai yake tsayawa: yaro baƙi ne kamar 'yan'uwansa, gashinsa baƙi, cikin idon ne kawai ba launi sosai. Maza yake kamawa, ta wajen uwa ake gadonsa. Ana iya ganin jijiyar gani da ta zo ƙarama, wadda wani lokaci takan zo tare da matsalar wata 'yar ƙaramar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa girma da sukarin jini, don haka dole a yi wa yaron gwajin jini. Ana iya ganin idon da ba shi da zoben nan mai launi da ke kewaye da ƙwayar, wanda a wasu yaran yake tafiya da haɗarin ƙarin ƙoda.

Wahalar tana farawa ne idan likita ya leƙa ya ga komai fes. Gaban ido garau, jijiya lafiya, tantanin gani da launinsa mai kyau, amma ido yana rawa. Akwai manyan cututtukan gado uku na tantanin gani da a shekarar farko ba sa barin wata alama da ido zai iya gani. Siffar tantanin tana nan daidai, aikin ne babu. Jinjiri kuma ba zai karanta allon haruffa ba, ba zai ce da dare ne ba ya gani ko da rana ba. Sai dai a nemi hanyar tambayar tantanin kai tsaye.

Lantarkin da ke cikin ido

A 1865 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Frithiof Holmgren, ya ɗora wayoyi a kan idon kwaɗo, ya ga duk sa'ad da haske ya sauka, wata 'yar wutar lantarki tana motsawa. A 1908 Willem Einthoven na Holan, mutumin da ya samar da awon lantarkin zuciya da ake yi a asibitoci har gobe, shi da abokin aikinsa Jolly suka rarrabe gaɓoɓin wannan amsa suka sa musu haruffa. Ragnar Granit ya bi diddigin inda kowace gaɓa take fitowa, ya kuma samu kyautar Nobel a 1967 tare da wasu biyu saboda aikinsu kan gani. A 1945 Gösta Karpe, shi ma a Suwidin, ya shigo da gwajin cikin asibiti. Sunansa a takardun likitoci ERG, wato awon lantarkin tantanin gani. Tun 1989 ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, ISCEV, ta tsara ƙa'idar yin sa domin sakamakon wani asibiti ya karantu a wani.

Tantanin gani yana da ƙwayoyi masu karɓar haske iri biyu. Na farko, waɗanda za a iya kira ƙwayoyin dare, sun kai kimanin miliyan 100 a kowane ido, da su ake gani a duhu-duhu, ba sa bambance launi. Na biyu ƙwayoyin rana, miliyan 5 zuwa 6, su ne na launi da gani tar, kuma sun fi cunkushewa a gurbin tsakiya. Idan aka walƙa haske, ƙwayoyin nan sukan amsa gaba ɗaya, layin da ke kan allon kwamfuta ya nutsa ƙasa. Wannan ita ce gaɓar “a”. Nan take su miƙa saƙon ga sahu na biyu na ƙwayoyi, layin ya yi sama. Gaɓar “b” ke nan. Duk abin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Ƙarfinsa kuwa, batirin tocila ɗaya ya ninka shi sau dubbai, don haka sai na'ura ta ƙara shi kafin a gani.

Hikimar gwajin ita ce raba dare da rana. A ƙa'ida, mutum zai zauna cikin duhu minti 20, sannan a walƙa masa haske mara ƙarfi wanda ƙwayoyin dare kaɗai ke ji. Daga nan a kunna fitila minti 10 har ƙwayoyin dare su ƙoshi da haske su yi shiru, a walƙa mai ƙarfi, a kuma kaɗa haske sau 30 a daƙiƙa ɗaya, saurin da ƙwayoyin rana ne kawai ke iya bin sa. Da haka kowane rukuni yake ba da shaidarsa shi kaɗai.

Babba za a iya ɗora masa wani gilashi mai waya a kan ƙwayar ido, ko a shimfiɗa siririn zare mai ɗaukar lantarki a cikin fatar ido ta ƙasa. Jinjiri ba zai yarda ba. Wasu asibitoci sukan sa shi barci da magani. Amma a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan an daɗe da bin wata hanya da ta fi kwanta mini a rai: a manna 'yan wayoyi a fatar kunci ƙasa da ido, jinjiri yana zaune a cinyar mahaifiyarsa ido biyu, ko yana shan nono, a riƙa walƙa fitilar hannu a gabansa. Amsar da ake samu ta fata ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ake maimaita walƙiyar sau da yawa kwamfuta ta tattara ta fitar da matsakaici. Ba zafi, ba allura. A zama ɗaya sukan manna wasu wayoyin a ƙeya, su auna ko saƙon ya isa sashen gani na ƙwaƙwalwa. Wannan awon na ƙeya yana da amfani na musamman wajen gane zabiyanci, domin a jikin zabiya jijiyoyin gani suna tsallakawa ɗaya ɓangaren ƙwaƙwalwa fiye da ƙima, kuma hakan yana fitowa a layin.

Idan layin ya kwanta shamɓal, dare shiru, rana shiru, zancen ya karkata ga cutar da likitan Jamus Theodor Leber ya bayyana a 1869, makantar gado ta Leber. Ita ce mafi tsanani. Irin waɗannan yaran sukan riƙa danna idanunsu da yatsa ko dunƙulen hannu, abin da iyaye kan ɗauka ƙaiƙayi ne. Idan dare ya amsa lafiya rana ta yi shiru, to ƙwayoyin rana ne ba sa aiki. Wannan yaron ba zai taɓa ganin launi ba, hasken rana yana kashe masa ido, yana runtsewa yana kuka a tsakar gida amma da magariba sai ya ware. Cutar tana samun kimanin mutum ɗaya cikin 30,000, sai a tsibirin Pingelap na tekun Fasifik, inda wata guguwa ta wajen 1775 ta bar mutum kusan ashirin kacal. Zuriyarsu suka yi ta auren juna, yau cutar ta zama ruwan dare a can. Idan kuwa gaɓar “a” ta fito daidai amma “b” ta kasa tashi, ƙwayoyin sun karɓi haske ke nan amma miƙa saƙon ya gagara. Wannan shi ne dundumin gado. Ya sha bamban da dundumin da muka sani na ƙarancin sinadarin bitamin A: ba ya jin magani, amma kuma ba ya ƙaruwa, kuma yawancin yaran suna buƙatar tabarau mai kauri. Idan duk layukan sun fito lafiya, an wanke tantanin gani, sai a koma ga zabiyanci, ko jijiyar gani, ko rawar da ba ta da wata cuta a bayanta. Ita wannan ta ƙarshe, a 2006 masana a Ingila suka gano ƙwayar gado mai suna FRMD7 da ke haddasa ta a wasu iyalai, kuma masu ita galibi ganinsu yana da kyau.

Hoton ƙwaƙwalwa ko awon ido?

Duk iyayen da suka ga idon ɗansu yana rawa, ƙwaƙwalwa ce ke fara faɗo musu a rai, kuma likitocin yara da yawa haka suke. Sai a rubuta hoton ƙwaƙwalwa na MRI. A 2017 likitocin ido na Jami'ar Ayowa a Amurka, ƙarƙashin Arlene Drack, suka koma kan takardun yara 202 da aka kawo musu da wannan rawar, domin su ga wane gwaji ne ya fi kai ga amsa. Zabiyanci ne ya zo kan gaba da kashi 19 cikin ɗari, cutar Leber kashi 14, sauran cututtukan gado na tantanin gani kashi 13. Gwajin da aka fi fara yi wa yaran kuwa MRI ne, yara 74. A cikinsu akwai 28 da ba su da wata alama sai rawar idon kaɗai, kuma ko ɗaya hoton bai gano masa dalili ba. A cikin 46 da ke da wasu alamun ciwon ƙwaƙwalwa, ya gano wa 14. Awon lantarkin ido kuwa, inda aka fara da shi, ya ba da amsa a kashi 56 cikin ɗari. A ƙarshe, da aka haɗa gwaje-gwajen yadda ya dace, an gano dalili a kashi 90 cikin ɗari na yaran.

Waɗannan alƙaluma na asibiti ɗaya ne, kuma asibitin da ya shahara kan cututtukan ido na gado, don haka irin yaran da ake tura masa sun karkata can. Duk da haka darasin bai rushe ba. Kafin a ɗauki hoton jinjiri yawanci sai an sa shi barci, kuɗin yana da yawa, kuma hoton da ya fito lafiya yana da nasa haɗarin: a ce wa iyaye "ba komai, ku koma gida," alhali ba a tambayi inda ciwon yake ba. A wurinmu, inda magidanci kan sayar da akuya ko buhun hatsi kafin ya biya gwaji ɗaya, jerin da aka bi wajen gwaje-gwajen ba ƙaramin abu ba ne. Jinjirin da ke shan nono lafiya, yana girma, yana riƙe wuya a kan lokaci, rawar ta fara kafin wata shida kuma iri ɗaya ce a idanu biyu, wurin likitan ido ya kamata a fara kai shi, a cibiya irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen ido na asibitin koyarwa.

Amma akwai alamun da ke juya wannan jeri, kuma ba a wasa da su. Rawar da ta fara bayan wata shida, ko ta ido ɗaya, ko wadda ido ɗaya ke hawa ɗaya na sauka. Jijiyar gani da ta yi fari. Kai da ke girma fiye da ƙima, amai, farfaɗiya, rama, ko yaron da ya fara zama ya daina. Waɗannan hoton ƙwaƙwalwa suke buƙata ba jinkiri. Haka yaron da idanunsa ke fizga ta kowace fuska ba tsari, jikinsa ma yana fizga: wannan na iya zama alamar wani ƙari da ke fitowa a ciki ko ƙirji. Akwai kuma wata 'yar rawa mai sauri da ke zuwa da gyaɗa kai da karkatar da wuya, wadda kan wuce da kanta cikin 'yan shekaru. Ba a yanke mata wannan hukuncin sai an tabbatar ba ƙari ba ne a mahaɗar jijiyoyin gani, ba kuma cutar tantanin gani ce ta yi shigar burtu ba.

Amfanin sanin suna

Iyaye sukan tambaya, kuma tambaya ce ta gaskiya: "Likita, tunda ba magani, mene ne amfanin gwajin?" Amfanin farko ceton rai ne. Wasu nau'o'in cutar Leber da danginta suna tafiya da ciwon ƙoda da ke ɓuya sai yaro ya tasa, wata kuma, cutar Alström, tana iya kama zuciyar jinjiri. Layin da ya kwanta a allo shi ne ke sa a duba waɗannan gaɓoɓi tun kafin su yi ƙara. Na biyu, kowace cuta da irin taimakonta. Mai matattun ƙwayoyin rana, tabarau mai duhu ko mai ja-ja da hula mai baki suna sauya masa rayuwa. Mai dundumin gado ana iya gaya wa iyayensa da ƙwarin gwiwa cewa ba makancewa zai yi ba. Mai cutar Leber kuwa gara a fara koya masa duniya da hannu da kunne tun yana rarrafe, a shirya masa karatun makafi, maimakon a shafe shekara biyar ana yawon neman magani.

Magani ma ya fara leƙowa, ko da yake ta ƙofa ƙarama. A 2001 masana a Amurka suka dawo da gani ga karnukan da aka haifa da lalatacciyar ƙwayar gado RPE65, ta hanyar zuba musu lafiyayyiya a ƙarƙashin tantanin gani. Aikin Jean Bennett da Albert Maguire da Katherine High a Filadelfiya ya kai ga maganin Luxturna, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disambar 2017. Kuɗin da aka sa masa a 2018 dala 850,000 ne na idanu biyu, kuma ƙaramin kaso ne na masu cutar Leber yake yi wa aiki, domin ƙwayoyin gado sama da 20 ne ke iya haddasa ta. Ya yi wa talaka nisa ƙwarai, amma ko a inda ake da kuɗin, yaron da ba a gano cutarsa ba ba zai taɓa shiga layin ba.

Sai batun zuriya, wanda ya shafe mu kai tsaye saboda auren zumunci. Cutar Leber da mutuwar ƙwayoyin rana da zabiyancin fata, galibinsu sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyu, su kuwa lafiyarsu ƙalau. A irin wannan aure kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Wannan bayani ba na ɗora wa kowa laifi ba ne, hasali ma yana sauke wa uwa zargin da akan jibga mata ita kaɗai. Sauran kuma, kamar zabiyancin ido da yawancin dundumin gado, ta wajen uwa suke bi su sauka kan 'ya'ya maza, shi ya sa likita kan tambaya ko akwai kawun yaron da idonsa ke rawa ko mai tabarau mai kauri tun yana ƙarami.

Gwajin yana da iyakarsa. Tantanin jinjiri ɗan wata biyu ko uku bai gama nuna ba, amsarsa ƙarama ce ko da lafiyarsa lau, don haka ƙwararru ba sa yanke hukuncin makanta da awo ɗaya. Sukan maimaita bayan wata shida ko kusa da shekara. Maganin barci ma yana iya rage amsar. Kuma awon yana faɗin wane rukunin ƙwayoyi ne ya tsaya, ba ya faɗin wace ƙwayar gado ce sila, wannan sai gwajin jini ko yawu. A yau akan haɗa shi da wata na'urar hannu, OCT, mai ɗaukar hoton sahu-sahun tantanin gani, wadda likitocin Lesta suka yi amfani da irinta wajen tsara matakan rashin kammaluwar gurbin tsakiya a 2011. Shi kansa awon lantarkin ya samu na'urar hannu mai batir, RETeval, da ke aiki da 'yar takarda mai manne a ƙasan ido. Irin wannan ce ya kamata sassan ido na yara a manyan asibitocinmu su sa a gaba wajen neman kayan aiki, tare da horar da mai karanta layin, domin na'ura ba ta fassara kanta.

Kafin nan akwai abin da ke hannun iyaye. A ɗauki bidiyon idon yaron da waya, a cikin ɗaki da kuma a hasken rana, domin rawar takan sauya, takan kuma tsaya idan ya yi barci. A riƙe watan da aka fara ganinta. Idan yaron ya tasa yana karkata kai gefe ɗaya in zai kalli abu, kada a riƙa daka masa tsawa ana miƙe masa wuya: ya gano kusurwar da rawar ke lafawa ne, a nan ya fi gani. A gaya wa malaminsa ya zaunar da shi a gaba, ta ɓangaren da ya dace da karkatar. Idan karkatar ta yi yawa har tana sa masa ciwon wuya, akwai aikin tsokokin ido da Kestenbaum da Anderson suka bayyana tun 1953, wanda ke matso da wannan kusurwar zuwa tsakiya.